Faifan Kofur Giɗaɗo

Kakana Kofur Giɗaɗo ya dawo daga yaƙi
ba lambar yabo, ba kuɗin kirki,
sai tari mai taurin kai
da faifan garmaho guda,
naɗe cikin rigar soja kamar jinjiri.
A Mombasa ya saye shi, in ji shi, da kuɗin tabar wata biyu.
Duk Deba a lokacin ba mai garmaho.
Sai da maraƙi ya bar turke
kafin faifan ya yi magana.

Allura ta sauka, mace ta buɗe baki.
Murya mai ɗan kaushi, kamar ana goge ƙwarya da yashi,
ta hau a hankali, ta tsaya, ta karkace,
ta sauko ta inda ba a zata ba.
Ba wanda ya tsinci ko kalma ɗaya.
Tsofaffi suka ce Larabci ne ya sha ruwa.
Liman ya ce a'a, ba ruwan Larabci,
amma bai tashi ba sai da faifan ya ƙare.

An rubuta sunanta a tsakiya: Mwanahawa binti Kombo.
Harshenmu ya kasa ɗauka,
muka ce Hauwa 'yar Kwambo,
ta zama 'yar gida
ba tare da ta sha ruwan rijiyarmu ba.

Kakata Dudu ba ta taɓa garmahon ba,
da kunne ta sace waƙar.
Tana niƙa, tana jan ta a kan dutse,
inda kalma ta gagara sai ta cusa tata,
rabi Fillanci, rabi Hausa, ragowar ta hanci.
Da ita ta yaye 'ya'ya bakwai.

Akuya ce ta taka faifan, wata ranar Laraba.
Kofur bai ɗaga murya ba.
Ya tsince gutsattsarin cikin hularsa,
ya ce, "Ai ta daɗe da fita daga ciki."
Da ya rasu, Dudu ta yi takaba da waƙar
ƙasa-ƙasa, kada maƙwabta su ji.

Bara zazzaɓi ya kai ni asibitin Gombe da ɗiyata.
Tsakar dare ina jijjiga ta a baranda,
ina rera abin da na gada,
sai wata nas ta tsaya cak da tire a hannu.
Zuwena sunanta, mutuniyar Tanga.
"A ina ka samo wannan?"
Na ce ta kakata ce.
Ta yi dariya har ta share ido,
ta ce, "Tawa kakar ma haka take cewa."

A bakinta na ji sauran.
'Yar masunta ce, mai suyar kifi a bakin ruwa.
Takan raba dare bakwai a biki guda
muryarta ba ta dushe ba.
Masu faifai sun sallame ta da zane biyu.
Ta tsufa a ɗakin haya mai yoyo,
haƙora sun ƙare, waƙa ba ta ƙare ba,
ranar jana'izarta kasuwar kifi ba ta ci ba.

Na ce, to me take faɗa?
Mu dai mun ɗauka kukan rabuwa ne.
Zuwena ta ajiye tiren.
"Wani mai jirgi take yi wa tijara.
Ya ci kifinta bashi, ya ɗaga tanka, ya gudu."

Shekara tamanin muna lallashin yara da bin bashi!
Dudu ta yi kukan miji da kuɗin kifi.

Ban gaya wa mahaifiyata ba.
Yarinya ta yi barci kafin asuba, zufa ta karyo.
Ni kuwa har yau ina rerawa,
daga Deba, inda ba teku, ba jirgi,
ina taya Hauwa tuni,
ko Allah zai sa mutumin nan ya biya.